Inda na kai da tukwanen Brick Lane

'Yan uwa masu sha'awar bin tarihin unguwa ta cikin abincinta, ga inda na kai da Brick Lane da ke gabashin Landan. Tsarin da nake bi yanzu shi ne in ci abu a titi, in binciko su waye suka zo da shi, sannan in koma kicin in yi ta gwadawa har ya yi kama da na masu shi. Biredin Yahudawa ya fara ba ni haɗin kai. Miyar mutanen Silet na Bangladesh kuwa har yanzu muna kai ruwa rana.

Wanda bai san unguwar ba, ya fara da ginin da ke kwanar Brick Lane da Fournier Street. Furotestan Faransa da ake kira Huguenot, waɗanda suka yi gudun hijira bayan Sarki Louis na 14 a 1685 ya soke dokar Nantes da ta ba su 'yancin ibada, su suka gina shi a matsayin coci a 1743. A 1819 ya koma hannun Kiristoci 'yan Methodist, a 1898 ya zama majami'ar Yahudawa, daga 1976 zuwa yau kuma masallaci ne. Jerin baƙin unguwar ke nan a gini ɗaya. Ku ɗan ci wani abu kafin ku je unguwar, don mai yunwa ƙofar farko yake faɗawa, kuma a titin nan akwai masu tsayawa a bakin ƙofa suna jan mutane da alkawarin ragi.

Ban daɗe a kan Huguenot ba. Masaƙan siliki ne, kuma har yanzu ana ganin faffaɗan tagogin ɗakunan sama inda suke saƙa a Fournier Street. Ana yawan maimaita labarin cewa su suka koya wa Turawan Ingila miyar wutsiyar sa, amma babu tukunyar da za ka nuna a titin ka ce tasu ce. Jikokinsu sun narke cikin jama'a tun da jimawa, girkinsu ya bi su.

Na Yahudawa ya ɗan fi saura. Dubbai daga cikinsu sun kwararo daga Rasha da Folan bayan hare-haren da suka biyo bayan kashe Sarki Alexander na 2 a 1881, har gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar taƙaita shigowar baƙi a 1905. A Brune Street akwai ginin da ake raba wa matalautansu miya, shekarar 1902 na rubuce a goshinsa, yanzu gidajen haya ne na masu hali. Bayan yaƙin duniya na biyu yawancinsu suka koma unguwannin arewa da gabashin birnin, shahararren gidan abincinsu na Bloom's da ke Whitechapel kuma ya rufe a 1996. Abin da ya tsaya da ƙafafunsa shi ne shagunan beigel, biredin Yahudawa mai siffar zobe, guda biyu da ke can ƙarshen titin ta arewa. Ɗaya daga ciki, Beigel Bake, ya buɗe a 1974, kuma ba ya rufewa dare da rana. Idan ka tsaya a layi ka leƙa ciki, za ka hango ana tsamo zoben kwaɓi daga tafasasshen ruwa, ana jera su a kan katako kafin a kai wuta. Wannan tafasawar ita ce sirrin duka.

Ga yadda nake yin nawa yanzu. Fulawa mai ƙarfi ta biredi giram 500, ruwa kamar mililita 280, gishiri giram 10, yis kaɗan, da cokali ɗaya na ruwan malt na sha'ir, ko zuma in babu. Kwaɓin tauri gare shi, zai gajiyar da hannu, kada wannan ya sa ku ƙara ruwa. A murza har ya yi sumul, a yanka, a mulmula kowane yanki kamar igiya, a zagaya shi a tafin hannu a liƙe bakin. Sai ya kwana a firji. Da safe a jefa guda ɗaya a kwanon ruwan sanyi: in ya taso sama ya shirya, in ya nutse a ƙara masa lokaci. A tafasa kowane gefe daga daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sannan a gasa a zafin digiri 220 zuwa 230. Ruwan zafin yana dafa sitacin da ke fatar kwaɓin, ya ɗaure ta, shi ya sa ba ya kumbura kamar sauran biredi, cikinsa ya yi danƙo, bayansa ya yi sheƙi. Gwargwadon daɗewarsa a ruwa, gwargwadon kaurin ɓawon. Ni na tsaya a wajen daƙiƙa 40, don na titin bai kai na New York tauri ba.

Abin da aka fi cusawa a ciki shi ne naman ƙirjin sa da aka jiƙa a ruwan gishiri, da mustad mai hawa hanci, da tsamammiyar kokwamba. Mai kula da halal ya tambaya kafin ya saya, ko ya ɗauki mai ƙyafaffen kifin salmon da cuku mai laushi. Ni na sayi ƙirji a wurin mahauci Musulmi na jiƙa da kaina: mako guda zuwa kwana goma a firji, sannan dahuwa a ƙaramar wuta awa uku zuwa huɗu. Jan launin da ake gani a naman shagon daga gishirin adana nama yake zuwa, mai sinadarin nitrite, kuma shi ana auna shi ne daidai da abin da aka rubuta a jikin ledarsa. In ba a sa ba naman zai fito ruwan toka, ɗanɗanon bai sauya sosai ba. Wannan abincin mutanen da ba su da firji ne, kuma ba su da kuɗin sayen tsoka mai taushi.

Yanzu ga inda aikin yake. Mafi yawan 'yan Bangladesh na unguwar asalinsu daga yankin Silet ne. Na farkonsu ma'aikatan jirgin ruwa ne, da yawa masu zuba kwal a injin jiragen Birtaniya da ke tasowa daga Kalkata, wasu suka sauka a tashoshin Landan ba su koma ba. Daga baya suka shiga masana'antun ɗinki da na fata, waɗanda da dama a hannun Yahudawa suke a da, iyalai kuma suka biyo baya sosai bayan yaƙin 'yancin Bangladesh na 1971. Su ne ke riƙe da mafi yawan gidajen abincin da ake kira na Indiya a Birtaniya.

Sai dai abin da ake dafa wa baƙo a manyan gidajen nan dabam yake da abin da mai dafawar ke ci. A can akwai babbar tukunya guda ta romon albasa da kayan ƙamshi, daga ita ake ɗiba a yi korma, a yi madras, a yi vindaloo, a ƙara kirim ko barkono gwargwadon oda. Dabara ce ta fitar da faranti cikin 'yan mintoci, kuma ban raina ta ba, ita ta ciyar da iyalai ta biya kuɗin makaranta. Amma ba za ta gaya maka komai game da Silet ba. Don wannan sai ka shiga ƙananan wuraren da ke kudancin titin da kan Whitechapel Road, inda abinci ke jere a bayan gilashi, babu dogon jerin sunaye, dattawa na ci da hannu. Ko ka shiga kantin kayan miya irin Taj Stores, da ke nan tun 1936, ka buɗe firiza. Za ka ga kifin rui da boal masu tsawon hannu, da ilish mai ƙaya kamar gashi wanda Bangladesh ke ɗauka kifin ƙasa, da busasshen kifin shutki da warinsa ke riga ka isa ƙofa, da barkonon naga da ake tsoma guda ɗaya a tukunya don ƙamshi a cire shi kafin ya fashe.

A nan na haɗu da shatkora, wani lemo mai kaurin ɓawo da ake dafawa da naman sa mai ƙashi. Ɓawon ake so, tsokar cikin yawanci zubarwa ake yi. Ana soya albasa da yawa har ta narke, a sa tafarnuwa, citta, kurkum, kumin, garin barkono da kirfa, a bar naman ya dahu cikin ruwan jikinsa. Sai ya kusa nuna ake zuba yankakken shatkora, kamar minti ashirin zuwa talatin kafin saukewa. Ƙamshinsa na tsaga maiƙon naman, ɗacinsa kuma shi ne abin lura: ya daɗe a wuta ya mamaye miyar, ya yi gaggawar sauka ya zauna da tauri kamar roba. Wata dattijuwa da muka haɗu a gaban firiza ta ce ita tana fara tafasa shi dabam ta zubar da ruwan farko. Na gwada, ɗacin ya ragu, amma rabin ƙamshin ya bi ruwan. Yanzu kankare koren saman nake yi sama-sama, in sa kwata ɗaya na lemon a kilo guda na nama. Ya fi, amma bai kai wanda na ci a bayan gilashi ba, inda ɓawon ke narkewa a harshe.

Wanda yake sabon shiga ya fara da bhorta. Dafaffen dankali, soyayyen busasshen barkono da aka murtsuke da gishiri, ɗanyar albasa, ganyen koriyanda, da man mustad, a dagargaza da yatsu. Minti goma ya isa. Ku duba kwalbar man dai: tsantsarsa a Birtaniya ana rubuta masa cewa na shafawa ne kawai, saboda yawan sinadarin erucic da ke ciki, akwai kuma gaurayayye da aka yi don girki.

In kun sayi shingara, wato samosa, ko jilapi mai zafi, wani soyayyen kayan zaƙi, ku gangara da shi dandalin Altab Ali. Sunan wani matashi ne mai aikin ɗinki da 'yan wariyar launin fata suka kashe a kusa da wurin ranar 4 ga Mayu, 1978. Kwana goma bayan haka dubban mutane suka bi akwatin gawarsa har Downing Street, inda ofishin firaminista yake, kuma a 1998 aka sa wa dandalin sunansa. Sunayen tituna da rubutun Bangla da kuke gani, da ƙofar Banglatown da aka kafa a 1997, bayan wannan gwagwarmayar suka zo. Yau kuma gidajen kari ɗin, wato waɗancan gidajen abincin da ake kira na Indiya, suna raguwa, binciken da cibiyar nazari ta Runnymede Trust ta yi a 2020 ya ƙirga 23 a titin da ya taɓa ɗaukar kusan 60, shagunan kofi da na tsofaffin tufafi na maye gurbinsu. Saboda haka mai niyyar zuwa kada ya yi ta ɗagawa.

Abin da ke gabana shi ne pitha, wainar garin shinkafa da suke yi da sanyi, musamman bhapa pitha da ake turarawa da kwakwa da sukarin dabino a ciki. Na riga na sayi garin. Wanda ya taɓa dafa shatkora ɗanye da kuma na firiza, don Allah ya faɗa mini ko lokacin zubawarsu ɗaya ne, don ina zargin na firiza ya fi saurin sakin ɗaci.