Allo uku na ƙona kafin na koyi auna wuta

Ƙannena masu haɗa ƙananan motoci da jiragen ruwa na rimot, na san dabarar da ke yawo a tsakaninku: a farke servo (ɗan akwatin moto da rimot ke sarrafawa) mai juyi ba tsayawa, a zaro allon lantarkin cikinsa, a jona masa wani moto, shi ke nan an sami abin sarrafa gudu mai gaba da baya a kuɗi kaɗan. Dabarar tana aiki. Ni dai garaje ne ya ci ni.

Na farko batir ya kashe shi. An yi allon ƙaramin servo irin SG90 don bolt 4.8 zuwa 6, ni kuwa na ɗura masa batir ɗin LiPo mai gida biyu, wanda in ya cika yake kai 8.4. Ko minti ɗaya bai yi ba na ji ƙauri.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don ina ganin na yi wayo. Wutar daidai take, amma na jona masa moton da na ciro daga wata tsohuwar motar wasa. A hannu yana juyawa lafiya lau. Da na ajiye motar a ƙasa taya ta cije a yashi, sai moton ya ja wutar da ta fi ƙarfin allon nesa ba kusa ba. Ɗan mitsitsin moto aka yi wa allon nan, ba a yi shi don jan kaya ba. Yanzu kafin in jona komai sai na sa mita, na danne sandar moton na daƙiƙa guda, na ga amfiya nawa yake ja, sannan na auna na asalin servo ɗin haka nan. In sabon ya zarce sosai, ba na ma gwadawa.

Sai maganar tsayawa. Risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, tana aiko wa allon sigina kusan sau 50 a daƙiƙa, kowace mai tsawon milisakan 1 zuwa 2, tsakiya kuma 1.5, nan ne ya kamata moto ya yi shiru. Tazarar shirun nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ka ɗan taɓa sandar rimot, ya zabura da gudu. Allo ya ɗumama, ya fara rarrafe da kansa. Na taɓa cire ɗan abin murɗawar nan na allon da ake saita tsakiya da shi, mai kama da na muryar rediyo, na liƙa rasista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) biyu masu 2.2k a gurbinsa, na rasa abin saiti gaba ɗaya. Ku bar shi, ku saita, ku ɗiga masa gam. Kafasita (ɗan abin da ke tace wuta) mai lamba 104 a ƙafafun moton ma tana rage ɓarin da yake yi.

Na ukun kuwa a ruwa ya mutu, ciyawa ta naɗe farfelar jirgina a tsakiyar kududdufi, ina tsaye a gaɓa ina ta danna rimot maimakon in saki.