Kwana uku a bakin kogi

Kwana uku na yi a wani ɗan gari da ke bakin kogi, har yanzu ƙarar ruwan na kunnena. Titi ɗaya ne ya ratsa shi. Ga firamare a gefe, ga famfon burtsatse inda yara ke layi da jarkoki tun asuba, alhali kogi na cike a gabansu, ruwansa ba ya shayuwa sai an tafasa. Asibitin ne ya burge ni: ɗaki biyu kacal, amma firjinsa mai aiki da hasken rana yana riƙe alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8. Sabis ɗin waya kuwa, sai ka hau gada. Can nake tsayawa da yamma, ina kallon masu kwalekwale suna dawowa.