Takardar jinyar da na sake rubutawa a tsakar gidan mai koko

Ranar da aka sallami yaron daga asibiti, bayan jinyar ciwon ƙwaƙwalwa, ni na rubuta masa tsarin jinyar da zai bi a gida. Na zauna na tsara shi tsaf kamar yadda aka koya mana a makarantar nas: abin da na gani a jikinsa, matsalar da ke damunsa, inda muke so ya kai, abin da za a yi, da ranar da za mu duba ko an dace. Magani ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 8 na dare, wanka kullum, barci isasshe. Na miƙa wa mahaifiyarsa, ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Mako uku bayan nan na je gidan a unguwar Aboabo da ke Kumasi, na tarar ƙwayoyin safe suna nan cikin takardarsu, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Laifin nawa ne. Ban tambaye ta ina take da ƙarfe 8 na safe ba. Mai koko ce. Tun kafin kiran asuba take hura wuta, gari na wayewa tana bakin titi da koko da ƙosai, ba ta dawowa sai rana ta take. A lokacin da na rubuta a ba shi magani, ba kowa a ɗakin sai shi da muryoyin da ke ce masa kada ya sha.

Cutar sunanta sikizofiriniya. A Zango ba mai kiranta haka. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa aka yi masa, wasu su ce wiwi ce ta juya masa kai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na ɗauke da ita, kuma ta fi kama mutum daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, maza da ɗan wuri fiye da mata. Shi yana da 23, yana koyon ɗinki. Da farko barci ya ƙaurace masa. Daga nan ya ce rediyon shago maganarsa take yi. Sai ya daina cin tuwon uwarsa, wai an barbaɗa masa guba. Wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta ce mini, "Ni da na goya shi, ni zan kashe shi?" Tana faɗa tana murza bakin mayafinta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Na jawo kujera 'yar tsugunne muka zauna a tsakar gida, na juya bayan takardar muka fara daga farko. Wannan karon ita ke magana, ni ke rubutu.

Maganar magani na koma da ita wurin likita, ya mayar da shi sau ɗaya, da dare bayan isha'i, lokacin da Mma, mahaifiyar tasa, tana gida. Da tafiya ta yi tafiya aka koma allurar wata-wata, wadda ke zama a jiki tana aiki a hankali, aka huta da gardamar kowane dare. Na zauna na faɗa musu abin da maganin kan jawo, domin yawancin waɗanda na ga sun watsar da shi, wahalarsa ce ta kore su: wuya ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau na dalala, wani lokaci ido ya kafe sama. Uwar da ba a gaya mata ba, in ta ga haka cewa za ta yi aljanun sun dawo da ƙarfinsu. Alhali akwai ƙwayar da ke kwantar da wannan, ko likita ya rage adadi. Sababbin magungunan irin su olanzapine ba su cika sandarar da jiki ba, amma suna buɗe ciki su kawo ƙiba, don haka muke auna nauyi da sukarin jini.

Abinci kuwa ba mu yi musu da shi ba. Wanda ya gaskata an sa masa guba, rantsuwa ba ta sauya masa ra'ayi. Muka fara da abin da zai buɗe da hannunsa: dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ayaba, ruwan leda. Bayan kwana biyu na ce Mma ta zuba tuwo a kwano ɗaya, ta fara kai loma a gabansa, kada ta ce masa ci. Ran da ya sa hannu a kwanon, ta kira ni a waya, muryarta na rawa.

Na kuma koya wa ƙannensa abin da za su ce in ya tambaye su ko sun ji ana zaginsa ta taga. Kada su ce sun ji, kada kuma su yi masa dariya. Su ce, "Yaya, mu ba mu ji ba, amma mun ga abin yana damunka. Zo mu zauna." Tambaya ɗaya ce nake yi masa da kaina duk zuwa, ba kwana-kwana: muryoyin suna ce maka ka cutar da kanka? Iyaye kan ji tsoron tambayar, amma ba ita ke sa wa mutum tunanin ba. Tun 2023 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi a dokar Gana, kuma hakan ya sa mutane sun fi sakin baki da mu.

Kawunsa ya so a kai shi wani wuri bayan gari inda ake ɗaure irinsu da sarƙa a gindin itace. Na ga tabon sarƙa a ƙafafu da yawa, raina yana ɓaci duk na tuna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ba mai wannan larura haƙƙin a riƙe shi da mutunci, amma takardar doka ba ta shiga lungu da ƙafarta. Limamin unguwarsu ne ya taimake ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, a ci gaba da addu'a da rubutu, ban zo hana su ba. Roƙona kada a ce ya bar magani, kada a ɗaure shi." Ya ce ai neman magani ma umarni ne. Kawu bai sake tayar da zancen ba.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Ankara, babban birnin Gana, da aka buɗe a 1906, da Ankaful, da Pantang, duk a kudu can bakin teku. Mu nan Kumasi muna da sashe a asibitin Komfo Anokye da 'yan wasu wurare, gadajen kaɗan ne. Jinyar mai wannan cuta kusan dukkanta a gida ake yin ta, a ɗaki ɗaya mai mutum biyar, a hannun tsohuwar da ba ta karanta Turanci. Shi ya sa alamomin dawowar ciwon ban rubuta su da kalmomin littafi ba. Mma ce ta lissafa mini nasa: in ya kwana biyu ba barci, in ya toshe taga da zane, in ya wuce maƙwabta bai gaishe su ba. Ta ga ɗaya, ta kira ni, kada ta jira ranar asibiti.

Burin da muka sa masa ƙanana ne. Wanka kafin azahar. Sallar magariba a masallaci tare da ƙaninsa. Maigidansa tela ya yarda ya riƙa zuwa shago awa ɗaya yana sa maɓalli, a kashe rediyo in yana nan. Yanzu ya kai awa uku, ya koma kan keken ɗinki. Muryoyin ba su tafi duka ba, ya ce mini suna zuwa in ya gaji, amma daga nesa.

Allurarsa ta gaba ran Talata ce. Azumi ya matso, kuma ya ce yana so ya yi. Na rubuta a ƙasan takardar in tambayi likita yadda za mu yi da rashin barcin sahur, in kuma ji ta bakin Mma ko ƙarfe nawa take tashi a watan.