Tarihin Rayuwata (Kashi na 17): Bencin 'yan canji a Fulorens

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda Baba ya yi shiru a waya har na zaci layin ya katse, can sai ya ce, "To Mamana, mako nawa ne?" Na ce huɗu. Ya ce in je Allah ya tsare, amma da sharaɗi biyu: kada in yi wasa da salla, kada kuma in kai abin da ban san asalinsa ba bakina. Da haka na samu izinin bin kwas ɗin bazara da makarantarmu ta Ingila ta shirya a Italiya, a kan zane-zanen ƙasar da abincinta da tarihin harkar kuɗi.

Kafin in kai ku can akwai maganar da sai na faɗe ta, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Mahaifina ɗan canji ne a Wapa. Tun ban san kaina ba nake ganin sa a kan benci ɗaya, da kalkuleta wadda lambobinta suka goge, da robar ɗaure kuɗi a wuyan hannunsa, da wani littafi mai baƙin bango da yake buɗe kowane shafinsa da Bismilla. Da wannan sana'a ya aurar da yayyena, da ita ya biya min karatun akanta har ƙasar waje. Amma tun da na sauka Ingila, duk wanda ya tambaye ni aikin ubana sai in ce yana harkar kuɗi, in yi maza in kawar da zancen. 'Yan ajinmu da yawa 'ya'yan manyan ma'aikatan banki ne da lauyoyi, sai na riƙa ganin benci da roba ba abin faɗa ba ne a gabansu. Har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Mun sauka Fulorens, wadda mutanenta ke kira Firenze, a farkon watan Yuli. Zafin garin bai kai na Kano ba, amma duwatsun titi suna riƙe shi har dare, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, Isha ta kusa sha ɗaya. An sauke ni a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, a hawa na uku, babu na'urar hawa. Ba ta jin Turanci sosai, ni ko kalmomin Italiyanci da na haddace ba su wuce na gaisuwa da "senza maiale, senza vino" ba, wato babu alade, babu giya. Ta fahimta tun ranar farko, har ta ware min tukunya da cokalin katako nawa daban ba tare da na roƙa ba.

Malamar da ke koya mana tarihin kuɗi dattijuwa ce 'yar garin, ba ta son zaman aji. A rana ta uku ta ja mu a ƙafa zuwa wani siririn titi, Via Porta Rossa, daf da rumfar kasuwar Mercato Nuovo inda yanzu ake sayar wa baƙi jakunkunan fata. Ta tsaya ta ce a nan unguwar teburin canjin gidan Medici, zuri'ar manyan masu bankin garin, yake (harafin c nasu a sunan irin namu ne, kamar a "ciki"). A 1397 Giovanni di Bicci, ɗan wannan gida, ya kafa bankinsu, daga baya bankin ya bunƙasa har ya yi rassa a biranen Rum da Benis da Janiba da Buruj da Landan, kuɗin Fafaroma ma ta hannunsu suke bi. Sai ta ce kada mu ɗauka wani dogon gini ne. Kalmar banki kanta daga "banco" ta fito, wato benci ko teburin da ɗan canji ke zama a bayansa. Ƙungiyar 'yan canjin garin, Arte del Cambio, ta wajabta wa kowane ɗanta ya zauna da tebur mai shimfiɗar koren ƙyalle, da jakar kuɗi, da littafi, ya kuma rubuta ciniki a gaban idon mai kuɗi.

Tana magana ina kallon Wapa. Ban ce komai ba tukuna.

Ta fito da kwafin kuɗin garin na da, fulorin, ta miƙa mana muna juyawa. Ɗan ƙarami ne, zinare giram uku da rabi, an fara buga shi a 1252, gefe ɗaya fure, ɗaya gefen surar da suke cewa ta Annabi Yahaya ce. Ta ce kaso mai yawa na zinaren da Italiya ta yi kuɗi da shi a wancan zamani daga Afirka ta Yamma ya fito, raƙuma suka keta Sahara da shi zuwa biranen gaɓar teku irin su Tunis, 'yan kasuwar Italiya suka saya. Ni kaɗai ce 'yar Afirka a cikinmu, kowa ya juyo ya dube ni.

Daga nan ta shiga batun da ya fi kama zuciyata. A zamanin, Coci ta haramta riba haramci mai tsanani, mai ba da bashi da ruwa ana iya hana shi jana'iza irin ta addininsu. To ta yaya banki zai ci? Sai suka dogara da takardar canji. Ɗan kasuwa zai karɓi fulorin a Fulorens, ya rubuta takarda cewa wakilinsa zai biya fam a Landan bayan wata uku. Reshen Landan ya karɓi fam ɗin, ya sake ba wani a kan takardar da za a biya a Fulorens bayan wasu wata ukun. Da yake kuɗin kowane gari ya fi daraja a gidansa, in fulorin ya zagayo sai ya dawo da ƙari. Babu inda aka rubuta ruwa a takarda. Kuma saboda farashi kan motsa har a yi asara wani lokaci, malaman Coci da dama suka ce wannan ciniki ne, ba bashi ba.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ce a addininmu ma riba haramun ce, kuma an rufe wannan ƙofa tun farko, don hadisi ya ce in za a canja zinare da azurfa sai dai hannu da hannu, kada a rabu da sauran bashi a tsakani. Na ce jinkirin wata ukun nan shi ne gidan da ribar ta ɓuya. Malamar ta cire tabarau ta dube ni, ta ce a ina na koyi wannan, a makaranta? Na ji maƙogwarona ya bushe. Na ce, "A'a. Mahaifina ɗan canji ne. A kan benci yake zama, a Kano."

Wannan ne karo na farko da na faɗa a ƙasar Turawa. Babu wanda ya yi dariya. Ta ce to in zo gaba in gaya musu yadda teburinsa yake, don ita a takardu kawai ta san shi. Na tsaya a tsakiyar titi, masu yawon buɗe ido suna ratsa mu, na ba su labarin yadda Baba ke gane jabun dala da yatsa kafin ya ɗaga ta sama, da yadda ake ƙulla cinikin miliyoyi da kalma ɗaya, da yadda wanda ya ci amana sau ɗaya ba ya sake samun wurin zama a layin. Aka yi ta jero min tambayoyi har lokacin darasi ya ƙare.

A ganina dabarar Medici wayo ce, riga aka sauya wa riba. Kuma alama ta nuna su ma zuciyarsu ba ta kwanta ba. Wani mai sayar da littattafai da ya yi zamani da Cosimo, ɗan Giovanni, ya rubuta cewa dukiyar tana damun sa, ya kai kukansa ga Fafaroma, daga nan ya ɗauki nauyin sake gina gidan ibada na San Marco. Mun je mun gani. Ƙananan ɗakuna ne a jere, kowanne da zanen Fra Angelico ko na almajiransa a bango, a ƙarshen layi kuma ga ɗakin da aka ware wa Cosimo don keɓewa. Na daɗe a bakin ƙofar ina tunanin mutumin da ya fi kowa kuɗi a gari, zaune shi kaɗai yana lissafin da babu littafin da zai ɗauke shi.

Ɓangaren zane bai zo min da sauƙi ba. Garin cike yake da gumaka, wasu tsirara, wasu kuma da sunan annabawa. Ranar da aka je kallon mutum-mutumin da Michelangelo ya sassaƙa ya kira shi Dauda, na gaya wa malamin zane ba zan shiga ba, na faɗa masa dalili, ya karɓa da mutunci ya ba ni wani aikin. Amma a gidan tarihi na Uffizi akwai allo ɗaya da ya tsayar da ni. Gentile da Fabriano ya zana shi a 1423, wani attajiri mai banki, Palla Strozzi, ya biya. Zinare ne ko'ina, a rawuna, a linzamin dawaki, a bakin riguna, har yana ɗaukar ido. Malamin ya ce in matsa in dubi da'irar zinare da aka kewaye kan Nana Maryamu da ita. Na matsa har igiyar da ake tsayawa. Sai ga alif, ga lam, ga wasu dogayen haruffa masu kai irin na salon rubutun Larabci da ake kira sulusi, an raba su da ƙananan furanni. Bakina ya fara motsi da kansa, ina ƙoƙarin haɗa baƙi kamar a makarantar allo. Na bi daga dama, na sake bi, ban fitar da kalma ba. Malamin ya ce mai zanen kwaikwayon siffar haruffan ya yi daga farantan tagulla da yadudduka da ake kawowa daga Masar da Sham, don a idonsu rubutun Larabci alamar tsada ce da daraja. Shekara ɗaya kafin zanen, a 1422, Fulorens ta aika jakadu Alƙahira neman izinin kasuwanci. Na koma wurin allon nan sau biyu ni kaɗai kafin in bar garin.

Abinci kuwa, burodinsu ne ya fara ba ni mamaki. Ba a sa masa gishiri ko kaɗan, mutanen garin suna danganta hakan da tsadar gishiri da harajinsa a zamanin da. Kwana biyu ya bushe ya yi tauri, amma ba a zubarwa. Wata Asabar tsohuwar gidanmu ta kira ni kicin. Ta ce abin da za mu dafa na lokacin sanyi ne, amma ba za ta bari in tafi ban iya ba. Ta soya albasa da karas a man zaitun, ta zuba farin wake da ta jiƙa tun dare, da wani ganyen kabeji mai duhu, ta bari suka nuna, sannan ta jera yankakken busasshen burodi a tukunya tana zuba miyar a kai, ta rufe ta ajiye. Na ce ba za mu ci ba? Ta kaɗa yatsa, ta ce gobe. Washegari ta mayar da tukunyar kan wuta, ta ce sunansa ribollita, ma'ana abin da aka sake tafasawa. Na ɗanɗana, burodin ya narke ya shanye miya, sai ƙamshin ɗumamen Umma na safiya ya faɗo min, har idona ya kawo ruwa. Na nuna mata hoton tuwo da miyar kuka a wayata, na yi mata bayani da hannu da 'yan kalmomi. Ta dafa ƙirji ta ce uwarta ma ba ta taɓa zubar da burodi ba, musamman bayan yunwar da suka gani lokacin yaƙi. Nama dai ban ci ba sai wanda na sayo a shagon wani Bamisire mai yanka irin namu. Tumbin saniya da ake sayarwa cikin burodi a bakin kasuwa, lampredotto, ƙamshinsa kawai na sha na wuce.

Daren ranar na kira Baba bayan ya dawo daga masallaci. Na ba shi labarin koren ƙyalle da jaka da littafi. Ya saurara, ya ce, "Ikon Allah. Ashe su ma daga benci suka fara." Da na yi masa bayanin takardar wata uku, ban ma gama ba ya katse ni: "A'a Mamana, wannan ai ruwa ne. Mu farashin da aka yanke yau shi ne, ba a ƙara kwabo don an jira." Sannan ya tambaye ni ko suna ambaton Allah a littattafansu. Na ce malamarmu ta faɗa mana akwai wani ɗan kasuwa a garin Prato, Francesco Datini, da ya rasu a 1410 ya bar wasiƙu wajen dubu 150 da ɗaruruwan littattafan lissafi, kuma yakan buɗe littafi da cewa da sunan Allah da na samun riba ta kasuwa. Na ce ranar Talata za a kai mu mu gani da idonmu.

Na so in gaya masa abin da na yi shekara biyu ina ɓoyewa, in nemi gafararsa, amma bakina ya yi nauyi. Abin da na iya cewa shi ne, "Baba, na faɗa musu sana'arka, sun yi ta tambayoyi." Ya yi 'yar dariya ya ce, "To me kika ce musu?" Na fara zayyano masa, yana gyara min inda na yi kuskure, har kuɗin wayar ya ƙare.

Ranar Talata da safe muka hau jirgin ƙasa zuwa Prato, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. A tashar ne na sa hannu a jaka na ji babu ƙaramar jakar da fasfo ɗina ke ciki. Nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.