Balad ta Jidda, sai a ƙafa

Duk wanda ya je Umara ya biyo ta Jidda ya san Balad, wato tsohon garin Jidda, ko dai in ce ya san kasuwar Balad, don mutanenmu abin da ke kai su kenan, a sauka ƙofar Bab Makka ko ta Bab Sharif a loda abaya da jallabiya da darduma da turare a ja jaka a koma mota, kai a sunkuye ana lissafin riyal nawa ne a naira. To wallahi layi biyu ne kawai tsakaninka da wani gari daban, kuma mota ba ta kai ka, sai ka taka.

Ni daga Makka na taho a jirgin ƙasan nan na Haramain, na sauka tashar Sulaimaniyya, Kawu ya zo ya ɗauke ni. Ɗan uwan mahaifiyata ne, amma haifaffen Jidda, cikin waɗanda muke ce wa takari, kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Kano ya ratsa Cadi da Sudan ya hau jirgin ruwa a Sawakin, Hausarsa kuwa rabi Larabci ce. Tun a mota ya kafa min doka, ya ce "ɗana, ba a shiga Balad da rana, khalas, sai an yi la'asar." Kuma gaskiyarsa ne. Zafin Makka busasshe ne, na Jidda kuwa gumi ne zalla, iskar kanta a jiƙe take, ga yawancin shaguna a rufe bayan azahar, ba abin da za ka gani sai kyanwoyi sun miƙe a inuwa. Kyanwa kam Allah Ya yi ta a unguwar nan.

Ta Bab Jadid muka shiga, wajen arewa. Da can ganuwa ce ta zagaye garin duka, a 1947 aka rushe ta don gari ya samu wajen faɗaɗa, yanzu ƙofofi ne kawai a tsaye ba katanga a gefensu, kamar dai yadda wasu ƙofofin Kano suka koma. Kana wuce ƙofar sai ka ɗaga kai, kuma daga nan wuyanka ya shiga uku, benaye ne dogaye hawa huɗu hawa biyar, fararen bango, gabansu duk an lulluɓe da tagogin katako masu ɓullowa waje, wasu kore wasu shuɗi wasu ruwan ƙasa. Su ake ce wa roshan. Na tsaya ƙarƙashin ɗaya na ƙare masa kallo, sassaƙa ce ƙanana-ƙanana an sarƙa su kamar saƙa, iskar teku ta shiga rana ba ta shiga ba, matan gida su zauna ciki su ga duk mai wucewa shi kuma bai gan su ba. Kawu ya ce a da a jikinsa ake ajiye tulun ruwa ya yi sanyi. Katakon ma ba na ƙasar ba ne, ta jirgin ruwa ake kawo shi daga wajajen Indiya da Jawa, Jidda ina ta ga itace.

Abin da ya fi ba ni mamaki bangon ne. Akwai wani gida da shafensa ya ɓare, Kawu ya ce in taɓa, na sa hannu sai na ji dutsen duk huji-huji, mara nauyi, har da ɓawon ƙananan halittun ruwa a maƙale a ciki. Dutsen murjani ne da ake haƙowa a gaɓar Bahar Maliya, a jera shi, in an ɗan yi sama sai a shimfiɗa katako a kwance a ci gaba da jeri, katakon ne ke riƙe ginin. Shi ya sa za ka ga wasu gidajen sun karkace kamar za su rungumi na kusa da su amma ba su faɗi ba, wasu kuma an tokare su da ƙarafa an kewaye, irin waɗannan kar ka ce za ka leƙa ciki don ɗaukar hoto, ba wasa ba ne.

Gugul maf ɗin nan ajiye shi a aljihu, lungunan sun fi ƙarfinsa, sai ya riƙa juya ka waje ɗaya. Ka riƙe sunan unguwanni huɗu kawai, Sham da Mazlum da Yaman da Bahar, in ka rikice ka tambayi mai shago ina Suk Alawi, ita ce doguwar kasuwar da ta ratsa tsakiya, duk inda ka ɓata can za ka ɓullo.

A kanta gidan Nasif yake, wanda aka gama gina shi a 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi Jidda a 1925. Matakalar gidan fāɗi gare ta kuma ba ta da tsayi, ana cewa don raƙumi ya iya hawa da kaya har sama aka yi ta haka. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiya, ina zuwa na ce Kawu ai wannan darbejiya ce! Ya yi dariya ya ce ita ce, wai akwai zamanin da kusan ita kaɗai ce bishiya a garin, har kwatance ake da ita, gidan nan mai bishiya. Abin da awakinmu ke kwana ƙarƙashinsa, nan baƙi na layi suna hoto da shi.

Magariba a masallacin Shafi'i muka yi, cikin unguwar Mazlum, wanda ake lissafawa cikin mafi tsufa a garin, tsakar gidansa a buɗe sama. Bayan sallama Kawu bai tashi da wuri ba, ya ce min "ka san tun zamanin Sayyidina Usman, shekara ta 26 bayan hijira, aka mai da garin nan tashar jirgin ruwan Makka, ya'ani duk alhajin da ya zo ta teku nan ya fara taka ƙasa, ya bi kasuwar nan ya fita ta Bab Makka." Har da kakansa kenan, har da dubban mutanenmu da suka yi shekara da shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago kafin su iso. Ni da na zo a jirgi ina ƙorafin kujera ta matse ni, sai na yi shiru.

Wajen yana canzawa fa, kuma da sauri. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, daga 2021 gwamnati ta shiga gyara gadan-gadan, an share lunguna an sa fitilu, wasu gidajen sun koma gidan tarihi wasu wajen shan gahawa mai tsada. Ya yi kyau, ba ƙarya, gara a gyara da a bari su zube. Amma gidaje da yawa ba kowa ciki, ba shanya a taga ba yara a ƙofa, talakawan da ke haya sun tashi, unguwannin kusa ma da takari suka fi yawa irin su Sabil da Karantina an rushe su tsakanin 2021 da 2022. Kawu yana nuna min waje ya ce nan wane yake, nan wance ke tuya, duk yanzu sai dai a waya.

Da dare ne gari ke tashi. Mun sha sobiya mai sanyi, mun ci balila, dafaffen wake ne irin na Larabawa da yaji da ɗan tsami, sannan ya kai ni wajen wani dattijo mai tsire, Larabawa sun yi cincirindo suna jira, da ƙulinsa da yajinsa sak na gida, mutanenmu ne suka kawo sana'ar nan ƙasar Hijaz. Na ce "Baba sannu da aiki", ya ɗago ya ce "yawwa, ɗan ina?" shi kenan sai da ya ƙara min tsinke biyu.

In za ka je sa takalmi mai taushi, silifas ɗin otal ba za su kai ka ba, riƙe ruwa da ƴan canji, kar ka ɗauki mata hoto, maza ma ka tambaya tukuna. Ranar Juma'a da safe kar ka wahalar da kanka, komai a rufe. Kuma in Makka za ka koma a daren, yanki tikitin jirgin dawowa tun kafin ka fito, lokacin Umara kujeru ƙarewa suke, in ba haka ba sai tasi, su kuma da sun ga dare ya yi kuɗin ya tashi kenan.