Man lavender a lungun akwati

Yau da safe na sauko da akwatin barguna daga saman wadirof, ina zuge zip ɗin sai wani ƙamshi ya bugo ni, ashe ƴar audugar nan da na ɗiga wa man lavender na cusa a lungu tun bara tana nan, ta bushe ƙamas amma ƙamshin bai gudu ba, kuma asu bai taɓa ko zare ɗaya ba. Wallahi da haushi na tashi, kaina na sarawa saboda rashin barci, amma kawai sai ga ni zaune a bakin gado na rungume bargo ina ta shaƙa, har na ji kafaɗuna sun saki.

Abin mamaki fa ɗan fure ne shunayya, a Bulgeriya da kudancin Faransa ake nomansa sosai, da tururi ake tatso man daga furen, kuma sinadarin linalool da ke ciki na cikin abin da ke ba shi wannan ƙamshi mai sanyi. Ni dai ban yarda da masu cewa maganin komai ne ba, ba a shan sa, ba a shafa shi tsura a fata sai an sirka da man kwakwa ko na zaitun, mai kyanwa a gida kuma ya nisanta shi da ita don yana cutar da su. Amma na kwantar da hankali kam, na yarda. Daren nan ɗigo biyu zan sa a gefen filo in ga ko barci zai zo da wuri.