Abin da na koya a ɗakin adana tufafin wasan kwaikwayo

Na miƙa kundin digirina na biyu, na mayar da makullin ɗakin adana tufafi, kuma ba zan koma sashen nan ba. Waɗanda muka yi karatu tare a Amurka sun san ɗakin, sun san sanyinsa da farar safar hannun da ake tilasta mana sawa kafin mu taɓa ko da maɓalli. Wasunsu sun san abin da ya shiga tsakanina da malamar da ke duba aikina, wasu kuma rabin labarin suka ji. Saboda ɗaliban da za su zo bayana nake rubuta wannan, musamman namu na gida.

Bincikena a kan tufafin maza masu shigar mata ne a dandamali, da mata masu shigar maza, a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe bayan faɗuwar kasuwar hannayen jari a watan Oktoban 1929. 'Yan uwa da yawa sun tambaye ni me ya kai ni. Ni 'yar tela ce, a gindin keken ɗinki na girma, tarihin sutura na je karanta, kuma a wannan lungu na tarar da ɗinkin da ba wanda ya tsaya ya duba da idon mai sana'a.

A 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da aiki. Amma a daidai wannan lokaci, daga 1930 zuwa 1933, irin waɗannan 'yan wasa suka yi tashen da ba su taɓa yi ba a gidajen rawa na New York da Chicago da Los Angeles. Dokar hana sayar da giya tana aiki tun 1920, mashayun ɓoye sun cika gari, masu su kuma suna neman duk abin da zai jawo mai 'yan kuɗi ya shigo. Jean Malin ya yi suna a gidan rawa na Club Abbey a New York a 1930, shi kuwa ba rigar mata yake sawa ba, da kwat yake fitowa, murya da yanga da baƙar magana ne jarinsa. A Harlem, unguwar baƙar fata ta New York, Gladys Bentley tana kaɗa piyano a mashayar Clam House da ke titi na 133 cikin farin kwat da doguwar malfa, daga baya ta koma Ubangi Club, inda ayarin maza cikin shigar mata ke rawa a bayanta. Duk shekara kuma ana taron rawar maza masu shigar mata na Hamilton Lodge a zauren Rockland Palace, dubban mutane su cika wurin, a yi fareti, a ba wanda rigarsa ta fi kyau kyauta. Jaridun baƙar fata irin su Amsterdam News sukan kwatanta rigunan dalla-dalla, launi da yadi da gashin jimina. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne wa ya ɗinka, kuma da me.

Wata rana aka ba ni wani kwali in sake masa takarda. A ciki akwai baƙar doguwar riga mai ƙyalƙyali, an rubuta a katinta cewa rigar dare ce ta mace, ta shekarun 1920. Da na ɗaga ta na ga katin bai yi daidai ba. Rigunan shekarun 1920 a miƙe suke sauka, ƙugu a ƙasa, tsawo wajen gwiwa. Wannan kuwa yankan bayas ce, wato an karkata yadin aka yanka don ya bi jiki, salon da Madeleine Vionnet ta Faransa ta yi fice da shi, ta kai har ƙasa, bayanta a buɗe. Wannan yayin shekarun 1930 ne.

Sai na juya cikinta, kamar yadda Baba yake yi wa duk rigar da aka kawo masa gyara. An saka ƙarin ƙyalle a ƙarƙashin hammata biyu. An faɗaɗa kafaɗa. Daga wuya zuwa ƙugu ya yi tsawon da ba kasafai ake auna wa mace ba, ƙugun kuma bai kai kafaɗar faɗi ba, sai aka ɗinka masa wasu 'yan matasai na auduga ta ciki, aka yi wa ƙirji irin haka. Yadin ba siliki ba ne, reyon ne, wanda talaka ke saye a madadinsa. Gaban da bayan ma ba daga ƙwarya ɗaya suka fito ba, baƙinsu ya bambanta idan aka kai su kusa da taga, alamar tsofaffin riguna biyu aka farke aka haɗa. Ƙyalƙyalin na wancan zamani da jelatin ake yin da yawansa, ba ya jure ruwa ko zafi, kuma a hammata duk ya narke ya manne da juna saboda gumi. An yi rawa da rigar nan sosai. Kalmasar ƙasa da hannu aka yi ta, ɗinki ƙanana a jere, aikin wanda ya iya allura kuma ba shi da kuɗin kai wa tela. Na daɗe a tsaye ina kallon kalmasar nan.

Na rubuta duk wannan, da awo da hotuna, na kai wa Farfesa, malamar da ke duba aikina. Na ce mata ina da yaƙinin namiji aka yi wa rigar, a tsakiyar shekarun matsin. Ko gama shafin farko ba ta yi ba ta ajiye. Ta ce wannan hirar teloli ce, ilimi da takarda ake kafa shi, in kawo rasit ko hoto ko wasiƙa. Sannan ta ce abin da ya fi min ciwo: tunda daga Kano na fito, me zai hana in bar tarihin Amurka ga masu shi, in rubuta a kan 'yan daudu, zai fi min sauƙi kuma mujallu za su yi rububinsa.

Na yi mata bayani cikin ladabi cewa abubuwan ba ɗaya ba ne. Ɗan daudu a ƙasar Hausa ba tikiti ake saye a kalle shi a dandamali ba, rayuwarsa tana tattare da sana'ar abinci da biki da zaman bariki, kuma tana da nata tarihin da ya cancanci mai binciken da ya zaɓe shi da kansa. Ni ɗinki na sani. Ta ce in yi tunani. Daga ranar ta daina amsa saƙonnina a kan lokaci, babin da na ba ta ya yi watanni a teburinta, kuɗin tafiya New York da na nema don duba tsofaffin jaridu a cibiyar Schomburg, ɗakin karatun tarihin baƙar fata, ta ƙi sa hannu. Da kuɗin aikin da nake yi a ƙarshen mako na je.

Shekara ta zagayo, sashen ya shirya baje kolin tufafi. Na shiga zauren na tarar da baƙar rigar a tsakiya cikin gilashi, an juya gefe ɗaya don a ga ƙarin hammatar. Bayanin da ke jikin bango nawa ne, awon nawa ne, har maganar yadi biyu da narkakken ƙyalƙyali. Sunan Farfesa ne a ƙasa. Nawa yana shafin ƙarshe na ɗan littafin bikin, cikin jerin ɗaliban da aka gode wa saboda ɗaukar kaya. Na kai ƙara wurin shugaban sashen. Ya saurare ni, ya ce duk abin da aka gano a ɗakin na ɗakin ne, kuma in tuna ita za ta sa hannu a kundina. Na kira Baba ina kuka. Ya ce, "'Yar nan, ki gama abin da ya kai ki. Idon da ya ga ɗinkin yana kanki, ba ta ɗauke shi ba." Na gama, amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan ce na yafe don a yaba min ba.

Abin da ya riƙe ni a watannin nan shi ne babi na ƙarshe, na yadda tashen ya mutu. Bayan harbe-harben 'yan daba a Club Abbey a farkon 1931, 'yan sandan New York suka fara matsa wa irin waɗannan gidaje. Malin ya koma California, ya mutu a 1933 yana ɗan shekara 25, motarsa ta faɗa ruwa. A watan Disambar shekarar aka soke dokar hana giya, sai lasisi ya zama sanda a hannun hukuma: gidan da ya ci gaba da irin wasan yana iya rasa izinin sayarwa. A 1934 aka tsaurara dokar tace fina-finai ta Hollywood. Wasu wuraren sun tsira, kamar gidan rawa na Finocchio's a San Francisco, ayarin maza masu shigar mata na Jewel Box Revue ma a 1939 ya fara. Amma Julian Eltinge, fitaccen ɗan wasa mai shigar mata, wanda tun 1912 aka sa wa gidan wasa sunansa a titi na 42, ya ƙare a wani ƙaramin gidan rawa na Los Angeles inda doka ta hana shi sa rigunansa. Sai ya tsaya cikin kwat, rigunan na rataye a gefensa, yana nuna kowace yana kwaikwayon mai ita. Ya rasu a 1941. Irin su Eltinge sun bar hotuna da sunaye. Mai baƙar rigar nan ɗinkinsa kaɗai ya bari, shi ya sa na ƙi yarda a ce ɗinki ba hujja ba ne.

Sauran darussan gajeru ne. Duk abin da ka gano, ka tura wa kanka da wani malami na biyu a rubuce da kwanan wata kafin ka kai ofishin kowa. Kafin ka zaɓi mai duba aikinka, ka nemi ɗaliban da suka bar hannunsa ka tambaye su, kada ka tsaya ga waɗanda ke ƙarƙashinsa yanzu. Idan aka ce ka koma kan abin garinku alhali ba shi ka zo yi ba, ka tambayi dalili a gaban mutane. Ka girmama ma'aikatan ɗakin karatu, su suka nemo min jaridun da na dogara da su. Babin rigar yana cikin kundina da sunana, shafi da awo da hotunan da na ɗauka tun ranar farko, kuma na aika shi ga wata mujallar tarihin sutura, ina jiran amsarsu.